Kunnen da Makaranta Ba Ta Horar Ba: Nazari Kan Rububin Shirin Jarrabawar Turanci

Duk mai hulɗa da ma'aikatan jinya, matasan likitoci ko malaman jami'a masu neman digiri na uku a Kano, Kaduna, Zariya ko Maiduguri ya san wata sabuwar ɗabi'a ta shigo. Mutum ya yi dukkan karatunsa da Turanci, ya yi hidimar ƙasa, kullum da Turanci yake rubuta rahoton aiki, amma sai ka gan shi bayan isha'i da iyafis a kunne yana sauraron Baturen Ostareliya na tambayar kuɗin hayar ɗaki. Ya tsayar da muryar, ya mayar da ita baya, ya rubuta abin da ya ji. A gefensa ga littafin nahawu wanda ya zaci sun yi sallama tun sakandare. Cibiyoyin lesin sun buɗe, azuzuwan WhatsApp sun yawaita, sunayen IELTS, OET da TOEFL sun shiga hirar majalisa.

Dalili na kusa ba ɓoyayye ba ne: ƙofofi ne suka buɗe, kuma kowace ƙofa da mai gadinta. Kanada ta fara tsarin Express Entry a 2015, wanda ke jera masu neman zama bisa maki, harshe kuwa na cikin abubuwan da suka fi nauyi a lissafin. Birtaniya ta fito da bizar ma'aikatan lafiya a watan Agustan 2020, ta kuma ƙara da damar zama aiki bayan kammala karatu a Yulin 2021. Hukumar da ke yi wa ma'aikatan jinya rajista a can, wato NMC, tana neman maki 7 a sauraro, karatu da magana, da 6.5 a rubutu. Ta likitoci, GMC, tana neman 7.5 gaba ɗaya, kuma kada wani fanni ya gaza 7. Mai son makin Kanada ya yi tsalle sosai sai ya kai matakin da suke kira CLB 9, wanda a IELTS yake nufin 7 a sauran fannoni uku amma 8 a sauraro. Tambayoyin sauraron 40 ne, cikin kimanin minti 30, kuma sau ɗaya tak ake kunna muryar. Maki 7 na bukatar amsoshi wajen 30 daidai, maki 8 wajen 35. Ke nan kuskure biyar kaɗai aka yafe wa mai neman 8.

Sai tsada ta ƙara wa abin zafi. A farkon 2023 kuɗin zama IELTS a Najeriya bai kai naira dubu 100 ba. Da aka saki naira a kasuwa a watan Yunin shekarar, dala ta tashi daga wajen 460 ta haura 1,500 a farkon 2024, kuɗin jarrabawa ya bi sahunta har ya wuce dubu 250. Mafi ƙarancin albashin da aka amince da shi a Yulin 2024 dubu 70 ne. Sakamakon jarrabawar kuma shekara biyu kawai yake aiki. Wanda ya san faɗuwa da rabin maki na iya cinye masa albashin watanni dole ya ɗauki shiri da muhimmanci.

Waɗannan sun bayyana abin da ya sa mutane ke zama jarrabawar. Ba su bayyana abin da ya sa wanda ya shekara 16 yana karatu da Turanci yake bukatar watanni yana koyon jin sa ba. Amsar wannan tana cikin makarantunmu, kuma a ganina nan ne ainihin maganar take.

A jarrabawar Turanci ta WAEC akwai takarda ta uku. Ɗalibin Gana, Gambiya ko Saliyo yakan zauna a kunna masa murya ya saurara ya amsa. Ɗalibin Najeriya da na Laberiya kuwa takarda ake miƙa masa mai tambayoyi 60, ya zaɓi kalmar da ke da sauti irin na wata, ko gaɓar da ake dannawa, duk a kan takarda, ba tare da ya ji ko kalma ɗaya ba. Sunanta jarrabawar furuci, amma ɗakin tsit yake. A JAMB ma babu muryar da ake kunnawa. Yaron unguwar Nima a Akara ko zangon Kumasi, wanda Hausa yake yi a gida kamar ɗan Fagge, ya san za a gwada kunnensa, malaminsa ma ya sani. Namu yaron ya san alamomin sauti zai haddace. Malami kuwa abin da za a tambaya yake koyarwa, ba laifinsa ba ne, musamman a ajin da ya cika ya batse, babu wuta, babu lasifika. Turancin da yaro ke ji tun firamare na malaminsa ne, wanda shi ma a bakin nasa malamin ya ji. Wannan Turanci ne mai inganci a muhallinsa, da shi ake shari'a a kotu, da shi ake koyar da tiyata. Amma ba shi ne ke fitowa daga iyafis ranar jarrabawa ba.

Nahawu ma an koyar da shi ne a matsayin dokokin cike gurbi. Ɗalibi zai iya kawo maka ƙa'idar dacewar aikatau da mai aikatawa tsaf, ya zaɓi amsa daidai cikin huɗu, amma da zarar ya buɗe baki ko ya kama biro ƙa'idar ta tsaya a baya. IELTS ba ta da takardar nahawu ta daban. Nahawu kashi ɗaya ne cikin huɗu na makin rubutu, haka a magana, a sauraro kuwa in ka rubuta tilo inda aka faɗi jam'i amsar ta faɗi ɗungurungum.

Nan ne ya kamata Bahaushe ya tsaya ya lura, domin matsalar kunne da ta nahawu a wurinsa kusan abu ɗaya ce. Hausa in za ta yi jam'i takan sake fasalin kalma: gida ya koma gidaje, littafi ya koma littattafai. Kunne ba zai iya kuskure wannan ba. Turanci kuwa yakan rataya jam'in ne a ɗan sauti guda a wutsiyar kalma, sau da yawa a bayan baƙaƙe biyu da suka cunkushe. Hausa tana sanya lokaci a gaban aikatau, a gaɓa cikakkiya: na tafi, zan tafi, ina tafiya. Turanci yakan maƙala shi a ƙarshe, ko ya matse shi cikin wakilin suna har ya kusa ɓacewa. Gaɓar Hausa ba ta farawa da baƙi biyu a jere, shi ya sa muka ce burodi. Ba mu raba p da f ba, shi ya sa muka ce fensir. Uwa uba, Hausa tana ba kowace gaɓa haƙƙinta, karin sauti ne ke hawa da sauka, alhali Bature yakan danna gaɓa ɗaya ya haɗiye na kusa da ita. Ƙananan kalmomin da ke ɗauke da nahawun jimla su ne suka fi shan haɗiya. Wanda bai taɓa jin su a bakin masu harshen ba, ba zai rubuta su ba, ko da ya haddace dokarsu. Da yawan abin da muke kira kuskuren nahawu a kunne ya fara.

Ba gibi kaɗai muke da shi ba. Hausa ta raba dogon wasali da gajere, wannan kuwa taimako ne wajen wasulan Turanci. Wanda ya yi tajwidi ya riga ya san fitar da sa'un mai ɗigo uku da zalun daga tsakanin haƙora, su ne kuma sautuka biyun da Turanci ke rubutawa da th, waɗanda ake ta cewa sun gagari mutanenmu. Makarantar allo da Islamiyya sun daɗe da sanin cewa karatu a bakin malami ake karɓar sa, a ji, a maimaita, a gyara. Al'umma ce kuma ta rediyo, wadda ke sauraron BBC Hausa tun 1957. Kunnen yana nan da kaifinsa, bokon ne bai taɓa neman sa ba.

To me wannan rububi ya haifar? Alherinsa na gaske ne, bai kamata a raina shi ba. A karon farko dubban manya suna koyon Turanci ta hanyar da ake koyon harshe. Wayar hannu ta kawo shirye-shirye irin su 6 Minute English na BBC da tsofaffin tambayoyin Cambridge har cikin ɗaki. Masu himma sun gano shifta da kansu: a saurari jimla, a rubuta, a kwatanta da rubutun asali, a ga inda kunne ya zame. Wanda ya jure wannan na wasu watanni ba makinsa kaɗai ke tashi ba. Nas ɗin da ta koyi bambance thirteen da thirty cikin magana mai sauri ta rage haɗarin kuskuren adadin magani, a Landan take aiki ko a Gusau. An kuma samu sana'a ga matasan da suka karanta Turanci a jami'a.

Sai dai kasuwa tana sayar da abin da ya fi saurin shiga, abin da ya fi saurin shiga kuwa dabara ce. A koya maka ja layi a ƙarƙashin kalmomin tambaya, a gargaɗe ka cewa mai magana zai faɗi lamba sannan ya gyara ta, a ba ka jimlolin buɗe insha'i ka haddace. Dabarun nan suna da amfani, suna iya ƙara wa mai kunne rabin maki. Ba sa ƙirƙirar kunnen. Ba a fafe gora ranar tafiya, amma tallan lesin na mako biyu abin da yake alkawari ke nan. Wanda ya faɗi sau biyu yakan fara zargin masu jarrabawa da gangancin kayar da shi, daga nan kuma sai ya zama abincin 'yan damfara masu cewa za su samo masa takardar sakamako ba tare da ya zauna ba. Hukumomin da ke karɓar takardar suna tantance ta kai tsaye daga masu jarrabawar, don haka kuɗin ya tafi, sunan ma ya ɓaci.

Akwai kuma batun wa ke iya shiga. Yaron da ya tashi a gidan da ake kallon katun na Turanci, ya yi makarantar kuɗi, ya shigo da kunnensa a buɗe. Ɗan makarantar gwamnati na ƙauye, wanda wataƙila ya fi shi ƙwaƙwalwa, sai ya sayi data, ya biya lesin, ya yi tafiya zuwa birnin da ke da cibiya, ya kwana. Ga mace mai aure da yara da aikin dare a asibiti, samun sa'a guda ta shiru ma jihadi ne. Jarrabawar Duolingo, wadda ta samu karɓuwa a 2020 lokacin korona a kan dala 49, ta sassauta wa masu neman jami'a, amma hukumomin lafiya na Birtaniya ba sa karɓar ta, kuma tana bukatar kwamfuta da intanet marar yankewa.

Mafi nauyin sakamako shi ne inda masu cin jarrabawar ke dosa. Ministan lafiya Muhammad Ali Pate ya faɗa a 2024 cewa likitoci dubu 15 zuwa 16 sun bar ƙasar cikin shekara biyar. Najeriya na cikin jerin ƙasashen da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ƙarancin ma'aikatan lafiyarsu ya kai a kiyaye ɗibar su, sai dai wannan bai hana mutum ya nema da kansa ba. Arewa, inda likitoci suka fi ƙaranci tun asali, ita ta fi jin kowane gurbi da aka bari. Ban ga laifin mai tafiya ba, albashi da tsaro ne suka kore shi. Amma abin takaici ne a ce horon harshe mafi inganci da ma'aikacin lafiyarmu zai samu a rayuwarsa shi ne wanda ya biya da kansa don ya tafi.

Wasu sun ce a tumɓuke abin daga tushe. A farkon 2022 ƙungiyar matasa ta Policy Shapers ta jagoranci koke cewa bai dace a tilasta wa 'yan ƙasar da Turanci ne harshen gwamnatinta su riƙa biya duk shekara biyu don tabbatar da sun iya shi ba. Suna da hujja: a jerin ƙasashen da Birtaniya ta yafe wa gwajin akwai Jamaika da Malta, babu ƙasar Afirka ko ɗaya. Ina tare da su a kan tsada da wa'adin shekara biyu. Amma ko da an yafe gobe, ɗalibin da ya sauka a Glasgow zai zauna a lacca, nas za ta karɓi bayanin majiyyaci ta waya daga bakin dattijon da bai san sassauta murya ba. Yafiyar za ta ɗauke kuɗin ne, ba gibin ba. Iskar ma ba ta nufi wajen sassauci ba: tun Janairun 2024 Birtaniya ta hana yawancin ɗaliban digiri na biyu zuwa da iyali, a Mayun 2025 kuma ta bayyana shirin ɗaga matakin Turancin da take nema daga ma'aikata. Masu tafiya za su iya raguwa, amma makin da ake nema hawa yake yi.

Gyaran da ke hannunmu a gida yake. A Nuwamban 2025 gwamnatin tarayya ta soke manufar koyarwa da harshen uwa ta 2022, ta ce Turanci ne zai zama harshen koyarwa tun daga tushe. Ba na jin wannan zai taɓa matsalar da ake magana a kai, domin ƙara sa'o'in da yaro ke zaune a gaban Turancin da bai fahimta ba, ba shi ne horar da kunne ba. Abin da zai sauya aji shi ne sauya abin da ake tambaya. Uzurin da aka saba kawowa shi ne wuta da kayan aiki, amma Saliyo ba ta fi mu wuta ba, kuma tana yi. JAMB ta koma kwamfuta gaba ɗaya tun 2015, WAEC ta fara gwada hakan da masu zama na kashin kansu a 2024. Cibiyoyin suna nan, kwamfutocin suna nan. Abin da ya rage shi ne na'urar ji a kowace kujera, da kwalejojin horar da malamai su fara tura malamin Turanci aji da muryoyin da zai kunna wa yara, ba da jerin alamomin sauti kaɗai ba.