Fyaɗe a Ma'aunin Shari'a da Hanyoyin Neman Haƙƙi a Kano

Gabatarwa

A watan Yuni na 2020 rundunar 'yan sandan Kano ta sanar da kama wani mutum a Kwanar Dangora bisa zargin yi wa mata 40 fyaɗe. A wannan watan ne kuma gwamnonin Nijeriya suka ayyana dokar ta-ɓaci a kan wannan laifi. Abin lura shi ne yadda ɓarna irin wannan takan daɗe kafin ta kai gaban hukuma, kuma babban dalili shi ne shirun da iyalai ke yi da sunan rufin asiri. Wannan maƙala za ta duba ko wannan shiru yana da madogara a Shari'a, sannan ta nuna ƙofofin da ke buɗe ga mazauna Babban Giji, Gyadi-Gyadi da sauran unguwannin Tarauni.

Matsayin wadda aka tilasta

Malamai ba su yi saɓani ba a kan cewa wadda aka tilasta ba ta da laifi. Ibn Abdil Barr (ya rasu 463 H) ya hakaito ijma'i a cikin Al-Istizkar cewa haddi yana kan wanda ya tilasta idan hujja ta tabbata, ita kuwa babu uƙuba a kanta. Ya ƙara da cewa idan hujjar haddi ba ta cika ba, ana yi masa horo. Imam Malik ya kawo a Muwaɗɗa cewa Halifa Abdulmalik bin Marwan ya hukunta wa mai fyaɗe biyan sadaki, kuma a kan haka mazhaba ta tafi: sadakin misili ga budurwa ko bazawara, ƙari a kan haddi.

Alƙali Abubakar Ibnul Arabi (ya rasu 543 H), a tafsirin aya ta 33 ta Suratul Ma'ida cikin Ahkamul Kur'an, ya shigar da ƙwace mace da ƙarfin makami cikin hiraba, yana mai ganin cewa fashin mutunci ya fi fashin dukiya muni.

Rufin asiri da sulhu

Suturar da Musulunci ya kwaɗaitar a kanta ta shafi zunubin da bawa ya yi tsakaninsa da Ubangijinsa. Fyaɗe kuwa zalunci ne a kan wani, kuma aya ta 148 ta Suratun Nisa'i ta halatta wa wanda aka zalunta ya bayyana abin da aka yi masa. Rufa wa mai fyaɗe asiri ba shi damar kai wa wani gida ne.

Haka nan sulhun da akan yi a zauren mai unguwa, a karɓi kuɗin magani a ce magana ta wuce, ba ya kankare haƙƙin al'umma. Annabi (SAW) ya ƙi ceton da Usama bin Zaid ya yi wa matar Banu Makhzum da ta yi sata, duk da matsayin danginta. Wannan ya isa hujja a kan masu kai-komo don a saki ɗan wane.

Muhimmancin gaggawa

Yawancin iyaye suna tsoron cewa in babu shaidu huɗu, ƙarar za ta juye a kan 'yarsu. Amsar tana cikin littattafanmu. Risala ta Ibn Abi Zaid ta ambaci alamomin da ke gaskata mai da'awar tilas, kamar neman agaji a lokacin da abin ya faru ko zuwa tana zubar da jini. Ibn Farhun a Tabsiratul Hukkam ya faɗaɗa bayani a kan hukunci da ƙarina. Rahoton likita a yau yana cikin irin waɗannan alamomi, kuma jinkiri yana gusar da su.

Likitanci ma gaggawa yake nema. Maganin kariya daga cutar ƙanjamau yana aiki ne idan an fara shi cikin awa 72. Don haka a kai ta asibiti nan take, kafin wanka in ya yiwu, a kuma adana tufafin da ke jikinta ba tare da an wanke ba. Yaro namiji da aka ci zarafinsa shi ma haka za a yi masa.

Inda za a nufa

Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano yana kan titin Zariya, kusa da waɗannan unguwanni. A Asibitin Ƙwararru na Murtala Muhammad kuma akwai Cibiyar Waraka, wadda aka keɓe domin waɗanda aka ci zarafinsu, inda ake duba su a kuma kwantar musu da hankali kyauta.

Bayan asibiti sai ofishin 'yan sanda, domin fyaɗe babban laifi ne da gwamnati ke gurfanarwa ta hannun Ma'aikatar Shari'a. Iyali ba sa buƙatar ɗaukar lauyan da zai shigar da ƙarar. Kano tana da kundin hukunta laifuka na Shari'a tun 2000, sannan dokar final kot ta jihar, bayan gyara, ta sanya ɗaurin shekara 14 mafi ƙaranci, har zuwa ɗaurin rai-da-rai. A 2023 an sa hannu a kan Dokar Kare Yara ta jihar. Mai neman wanda zai bibiyi ƙararsa yana iya zuwa Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa, ko Ƙungiyar Lauyoyi Mata ta FIDA, ko cibiyar Isa Wali da ke Kano.

Kammalawa

Aikin da ya rage yana wuyan malamai. Limamai su bayyana a huɗuba cewa abin kunya yana kan azzalumi, kuma wadda aka zalunta tana nan da mutuncinta da damar aure. Makarantun Islamiyya su hana keɓewar malami da ɗaliba, su koya wa yara faɗa wa iyaye duk abin da ya tsorata su. Iyaye kuma su saurari yaro kafin su tsawata masa. Allah ne mafi sani.