Gaskiya ko Jita-jita: Auren Ba'amurkiya da Katin Zama na Shekara Biyu

Kaka ta yi, an kai masara da waken suya kasuwa, aljihun samari ya ɗan yi nauyi, data ta samu. A teburin mai shayi a Funtua ko majalisar dare a Malumfashi, hira takan gangaro kan wane da ya haɗu da Baturiya a Facebook, "ya haye." Ga abin da ake faɗa, ga kuma abin da dokar Amurka ta tanada.

"Da an ɗaura aure, ka zama ɗan ƙasa."

Jita-jita. Tun 1986 Amurka ta yi dokar toshe auren bogi. Idan aure bai cika shekara biyu ba ranar da aka ba mutum izinin zama, katin da zai samu na sharaɗi ne, wa'adinsa shekara biyu. Manomi ya san bambancin gonar gado da gonar aro: wannan aro ne na damina biyu. Neman zama ɗan ƙasa sai bayan shekara uku da samun katin, in har auren na nan kuma ana zaune tare.

"In katin ya ƙare, sabuntawa kawai ake yi."

Jita-jita. Ba a sabunta shi, sharaɗin ake nema a cire. Miji da mata ke cike fom mai lamba I-751 tare, su aika wa hukumar shige da fice ta USCIS cikin kwana 90 na ƙarshe kafin katin ya mutu. Wanda ya yi sakaci, izininsa ya faɗi, ana iya tura shi gaban alƙali a nemi korarsa. In an amince, sai a ba shi kati na shekara goma. Aikin yakan ɗauki lokaci, shi ya sa tun 2023 takardar shaidar karɓar fom ke tsawaita katin da wata 48.

"Hotunan biki da takardar aure sun isa shaida."

Da sauran rina a kaba. Nan ne ɗabi'armu ke iya cutar mai gaskiya. A gidan Bahaushe dukiyar mace tata ce: akuyoyinta, adashenta, kuɗin ƙuli-ƙulinta, ba ruwan maigida. Ma'aurata kan shekara talatin ba su taɓa haɗa asusu ba, kuma babu mai shakkar aurensu. Jami'in Amurka kuwa bai ga goron ɗaurin aure ba, bai san waliyyi ba. Takarda yake karantawa. Yana son ganin sunayenku biyu a yarjejeniyar hayar gida, asusun banki, inshora da takardar haraji, da takardun haihuwar 'ya'ya in akwai, da rantsuwar mutum biyu da suka san zamanku. Don haka tara shaida daga ranar tarewa ake farawa.

"In ta sake ka, ko ya sake ki, sai Najeriya."

Ba haka abin yake ba, kuma wannan jita-jitar ta fi kowacce ɓarna, domin da ita ake tsare mutum cikin uƙuba. Doka ta yarda mutum ya nemi cire sharaɗin shi kaɗai idan an yi auren da zuciya ɗaya amma ya mutu, ko abokin zama ya rasu, ko ana dukansa ko gallaza masa, ko korarsa za ta jefa shi cikin matsanancin hali. Namiji da mace duk ɗaya ne a nan, kuma ba sai an jira kwana 90 ɗin ba. Sai dai a kula: sakin baki, ko 'yar takardar da miji ya rubuta ya miƙa a can, ba ya kashe aure a idon hukuma. Hukuncin kotu ake nema.

"Ka bar uwargida a Bakori, ka auri ta can, daga baya ka ɗauko ta."

Jita-jita mai haɗari. Amurka ba ta amince da aure kan aure ba. Mai igiyar aure a gida, aurensa na biyu bai zama hujjar samun kati ba. In ya ɓoye, ranar da aka gano ana iya ƙwace katin, har ma da shaidar zama ɗan ƙasa. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

"Auren kwangila ba komai, kowa na yi."

Laifi ne babba: ɗauri har shekara biyar, ko tarar da ta kai dala 250,000, ko duka biyun. Wanda aka samu da shi, ko daga baya ya yi aure na Allah da Annabi, ba za a amince da takardar ɗaukarsa ba.

Saboda haka kafin a sayar da gona ko shanun huɗa a miƙa wa dillalin da ya ce yana da "hanya," a tambaye shi abu ɗaya: ranar da jami'i ya zaunar da kai da matar, ya ce ku nuna yadda kuka rayu shekara biyu, shi yana ina?