Shukar Masoya: Jin Tausayin Datse Ta Shi Ke Lalata Ta

A cikin shuke-shuken ado da ake ajiyewa a tukwane a gidaje da ofisoshi, da wuya a sami wadda ta kai filodendiron haƙuri. Ita ce shukar nan mai yaɗo wadda ganyenta ke da siffar zuciya, abin da ya sa Turawa suka yi mata laƙabi da shukar masoya. Amma sau da yawa wadda aka sayo a cike da ganye, bayan shekara guda sai a tarar ta koma doguwar igiya tsirara, da 'yan ganye uku ko huɗu a can ƙarshe. Mai ita kuwa sai ya yi ta ƙara mata ruwa da taki, alhali abin da take bukata aski ne da ƙarin haske.

Asalin wannan shuka dazuzzukan Meksiko ne da tsibiran Karibiyan har zuwa Barazil, inda take hawa manyan itatuwa don neman haske. Wani masanin tsirrai ɗan ƙasar Ostiriya, Heinrich Schott, shi ya raɗa wa zuriyarta suna a 1829, daga kalmomin Girkanci biyu masu ma'anar mai son itace. Danginta ɗaya da gwaza.

Dalilin da ya sa aski ke yi mata amfani yana ga yadda take girma. A kowace gaɓa, watau inda ganye ya manne da jijiya, akwai ɗan ido da ke kwance yana jiran ya yi toho. Kan jijiyar da ke ci gaba da tsawo yana aiko da wani sinadari mai suna oksin, wanda ke hana idanun nan farkawa. Masana biyu, Thimann da Skoog, sun tabbatar da haka a Amurka a 1933. Da zarar an cire kan, sai ido ɗaya ko biyu da ke ƙasa da wurin su fito da sabon reshe. Manomi da ke datse kan zogale don ya yi rassa ya daɗe da sanin wannan, ko da bai san sunan sinadarin ba.

Wurin yankan shi ne muhimmi. Ana yanka ne kamar rabin santimita a saman gaɓa, domin guntun da aka bari ya fi haka tsawo bushewa yake yi ko ya ruɓe. Sai a fara da ganyen da suka yi rawaya ko suka bushe, sa'an nan a koma ga jijiyoyin da suka zarce tsawo. Kada a cire fiye da kashi ɗaya cikin uku a lokaci guda, saboda da ganyen ne shukar ke haɗa abincinta. Almakashi ko reza, kowanne aka ɗauka, ya kasance mai kaifi, a kuma goge shi da sifirit don kada a ɗauko cuta daga wata tukunya.

Lokaci mafi dacewa shi ne sa'ad da take cikin girma. A ƙasar nan farkon damina ya fi, sa'ad da iska ke da laima. Da hunturu kuwa, sai a tsaya ga cire matattun ganye kawai. Haka nan ƙaramar shuka ta fi saurin karɓar gyara, ga ma yadda Hausawa ke cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Abin da aka yanke ba na juji ba ne. Guntu mai tsawon santimita 10 zuwa 15, da gaɓa biyu ko uku, idan aka cire masa ganyen ƙasa aka tsoma gaɓar cikin kwalbar ruwa, yakan yi saiwa cikin mako biyu zuwa huɗu. A riƙa sauya ruwan duk bayan 'yan kwanaki, ko don sauro. Mayar da irin waɗannan guntaye cikin tukunyar uwar shi ne ke sa ta cika ta yi duhu.

Sai dai aski kaɗai ba ya wadatarwa. Idan tazarar da ke tsakanin ganye da ganye ta yi yawa, alamar ƙarancin haske ce, sai a matso da tukunyar kusa da taga inda rana ba ta dukanta kai tsaye. Ganye da yawa su yi rawaya a tare kuwa, galibi yawan ban-ruwa ne.

Akwai kuma gargaɗi ga magidanta. Sinadarin da ke sa ɗanyen gwaza ƙaiƙayi yana cikin ganye da ruwan wannan shuka. Yaron da ya tauna ta bakinsa zai yi raɗaɗi ya kumbura, haka ma kyanwa da kare. Saboda haka a wanke hannu bayan aiki, a kwashe guntayen nan take, a rataye tukunyar inda hannun yara ba ya kaiwa. In kuwa tsautsayi ya sa yaro ya tauna, a kurkure masa baki da ruwa, idan kumburin ya taɓa numfashi ko haɗiya a garzaya da shi asibiti.