Littafin ƙarshen karatu: ina yake zuwa bayan an gama biki?

Duk shekara iyaye da ƴan uwa kan cika zaurukan jami'o'inmu domin ganin ɗansu ko ɗiyarsu na kāre littafin ƙarshen karatu, wanda ɗalibai ke ce wa memuwar, a gaban malamai. A yi tafi, a ɗauki hoto, a raba lemo da cincin. Da yawa daga cikin waɗannan yara da ribar albasa, ƙuli-ƙuli, atamfa ko kuɗin adashe aka ɗauki nauyin karatunsu. To amma bayan an watse, ina littafin yake zuwa?

Galibi ana buga kofe kaɗan ne. Malaman da suka yi alƙalanci su ɗauki nasu, ɗakin karatu na jami'a ya karɓi ɗaya, ɗalibi ya kai ɗaya gida a sa cikin akwati. Daga nan sai ƙura da gara da ɗigon ruwan damina. Aikin da ya ci wata shida ko shekara guda, da kuɗin mota da na buga takardu, mai yiwuwa ne mutum goma ba su karanta shi ba.

Kuma littattafan sai ƙaruwa suke. Jami'ar Yamai, wadda aka raɗa wa sunan Abdou Moumouni a 1992, ta daɗe ita kaɗai ce ta gwamnati. A 2010 aka kafa na Maraɗi, Damagaram da Tawa, a 2014 kuma na Agadas, Difa, Doso da Tilaberi.

Wannan magana ta shafi ƴan kasuwa kai tsaye. Sau nawa ɗalibi ya tsaya bakin rumfarku da takarda da biro yana tambayar farashin tiyar hatsi, asarar da ake yi wajen ajiyar albasa, yadda mata ke zubin adashe, ko wahalar fiton kaya tsakanin Maraɗi da Jibiya? Kun bar ciniki kun amsa. Abin da ya gano yana cikin littafin, amma ba kasafai yake komowa gare ku ba.

Mene ne rumbun intanet?

Jami'o'i da yawa a duniya sun buɗe wani rumbu a intanet inda suke zuba littattafan ɗalibansu, kowa ya karanta kyauta ta kwamfuta ko ta salula. A Faransa, tun 2016 wajibi ne mai digirin dakta ya ajiye littafinsa ta kwamfuta. A maƙwabciyarmu Najeriya, jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya tana da nata mai suna Kubanni. Hukumar CAMES, wadda aka kafa a Yamai a 1968 don kula da ilimi mai zurfi a ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci, ta buɗe wani mai suna DICAMES.

Amfanin abin a fili yake. Littafin da Bafaranshe Emmanuel Grégoire ya wallafa a 1986 a kan Alhazan Maraɗi, yadda suka taso da cinikin gyaɗa har suka zama manyan attajirai, yana cikin rumbun cibiyar bincike ta IRD, jikokin waɗannan Alhazai na iya buɗe shi a yau. Binciken ƴaƴanmu ma ya cancanci haka.

Yadda ake ajiyewa

Ƙa'ida ta bambanta daga jami'a zuwa jami'a, don haka ɗakin karatu ne wurin tambaya na farko. Amma hanyar kusan ɗaya ce. Ɗalibi zai fara gyara kurakuran da malamai suka nuna masa ranar kāriya, malamin da ya jagorance shi ya amince. Sai a mayar da littafin PDF, a cika sunan marubuci, kan magana, shekara, sashen karatu, taƙaitaccen bayani da ƴan kalmomin da mai nema zai same shi da su. Ɗalibi ya sa hannu a takardar izini, ma'aikacin ɗakin karatu ya duba, sannan a saki. Littafin zai samu adireshi na dindindin da za a iya rubutawa cikin takardar neman aiki. Haƙƙin mallaka galibi yana nan hannun marubuci, izinin nunawa ne ya bayar. Wanda ke son buga aikinsa tukuna yana iya roƙon a rufe shi na wani lokaci.

Wasu ɗalibai na tsoron a sace musu aiki. Gaskiya ana satar rubutu. Sai dai littafin da ke cikin akwati ya fi sauƙin sata, don babu mai shaida. Wanda ke cikin rumbu yana ɗauke da suna da kwanan wata, kuma na'urorin gano satar rubutu na iya cin karo da shi.

Hattara da sunaye

A nan ne ya kamata ƴan kasuwa su buɗe ido. Magana zarar bunu ce, abin da ya hau intanet kuma da wuya ya sauka. Idan ɗalibi ya rubuta sunan Hajiya, lambar rumfarta, ribarta da bashin da ake bin ta, duniya duka za ta iya gani, har da abokan gasa. Don haka kafin ku amsa tambaya, ku nemi sanin makarantarsa da inda maganar za ta ƙare. Kuna da ikon cewa a sakaya sunanku, kada a sa hotonku, ko ma ku ƙi amsawa. Malamin kirki ba ya barin a saki littafi da asirin mutane a ciki.

Saura matsalar harshe, tun da kusan duk littattafan da Faransanci ake rubuta su. A 2025 an ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Muna ganin lokaci ya yi da jami'o'i za su nemi ɗalibi ya ƙara shafi ɗaya na taƙaitawa da Hausa ko wani harshen gida, wanda za a iya karantawa a rediyo ko a taron ƙungiyar ƴan kasuwa.

Ku kuma iyaye, ranar biki bayan an gama hotuna, ku tambayi yaron ko ya kai littafin ɗakin karatu, da kuma ko za a sa shi a intanet. Sannan ya zauna ya faɗa muku da Hausa abin da ya gano. Allah ya sa wa karatun ƴaƴanmu albarka, amin.