Ɗingishin karen farauta: gaggawa ce ke maido shi

Makiyayan Azawak, arewa da Tawa, sun san darajar karen nan siriri mai dogayen ƙafafu. Shi ke kama zomo, shi ke tsaron garke. Amma yakan yi ɗingishi da ƙafar baya, ya warke, ciwon ya dawo.

Da farko a duba tafin ƙafa da tsakanin yatsu. In ƙaya ce, ko ƙarangiya, ko kaska, a cire, a wanke da sabulu.

In ba a ga komi ba, wataƙila targaɗe ne. Jijiya ba ta saurin warkewa. Kare ya daina ɗingishi, maigida ya koma farauta da shi, rauni ya tashi. A ɗaure shi cikin inuwa mako 4 zuwa 6, ana zagayawa da shi kaɗan da igiya. In gwiwa ta kumbura, sai wurin likitan dabbobi.

Kada a ba shi ibuprofen na mutane: yana lalata masa ciki da ƙoda.

Hattara! In ƙafafun baya suka shanye, yana dalalar da miyau, halinsa ya sake, kada a taɓa shi. Yana iya zama haukan kare.