Taurin bayan gida: abin da likita ke son ji daga bakin maras lafiya

Sau da yawa mutum yakan je asibiti don ciwon kai ko hawan jini, ya karɓi takardar magani ya koma gida, alhali kuwa da akwai wata damuwa da ta yi watanni tana cinsa wadda kunya ta hana shi faɗi. Wannan damuwa ita ce taurin bayan gida. A shekarar 2011 wasu likitoci biyu na ƙasar Ingila, Suares da Ford, suka haɗa binciken ƙasashe da dama, suka tarar kimanin mutum 14 cikin 100 na manya suna fama da shi, mata kuma sun fi maza kusan ninki biyu.

Mutane da yawa sun ɗauka yawan fita kaɗai ake dubawa. Masana ciwon ciki da ke haɗuwa a birnin Rum sun nuna abin ya wuce nan. A ƙa'idarsu ta huɗu, wadda ta fito a 2016, sun jera alamu shida: yunƙuri mai tsanani, bayan gida mai tauri ko dunƙule-dunƙule, jin ba a gama ba, jin kamar hanya ta toshe, taimakawa da yatsa, da kuma fita ƙasa da sau 3 a sati. Wanda ke da biyu daga cikinsu har wata 3, kuma abin ya soma tun wata 6 da suka shige, nasa ya zama daɗaɗɗe. Ke nan mai fita kullum da kyar da gumi, shi ma yana cikin lissafi.

Da yake bayanin irin wannan abu yana yi wa baki nauyi, likita Heaton da abokin aikinsa Lewis na birnin Biristol sun buga wani ma'auni a 1997, mai siffofi 7 na bayan gida. Na 1 da na 2, masu kama da kashin akuya ko dunƙulen da ya haɗe, su ke nuna abinci ya daɗe cikin hanji. Maras lafiya sai ya nuna hoton da yatsa, ya huta da dogon zance.

Bayan tambaya sai awo. Likita yakan sa safar hannu ya duba dubura da yatsa. A wurin wasu mutane, naman da ya kamata ya saki lokacin yunƙuri sai ya ƙara matsewa. Wani bincike na jami'ar Ayowa ta Amurka, a 2010, ya nuna yatsan ƙwararren likita yana gano uku cikin huɗu na masu wannan larura. Su kuwa filasko da sauran magungunan wankin ciki ba su cika yi musu amfani ba. Horar da naman suke bukata.

Likita zai so kuma ya san abin da mutum ke sha. Taramol yana ɗaure ciki, haka ma ƙwayar ƙarin jini da ake ba masu juna biyu. Ita wannan kada a daina ta, a dai sanar da ungozoma. Ciwon suga da raunin ƙwayar maƙogwaro su ma suna iya zama sanadi.

Akwai alamun da ba a yi musu jinkiri: jini cikin bayan gida, rama ba dalili, ƙarancin jini, canjin fita farat ɗaya ga wanda ya kai shekara 50, ko sankarar hanji cikin dangi. Waɗannan suna neman a leƙa hanji da na'ura a babban asibiti. In babu su, yawanci ana farawa da ruwa isasshe, wake, ganye, hatsi da dusarsa, da motsa jiki.

Saboda haka wanda zai je ganin likita ya lura da kansa sati ɗaya tukuna: sau nawa ya fita, yaya siffar take, wane magani yake sha. In likita bai tambaya ba, shi ya buɗe baki ya faɗa.