Hatsarin Kamun Kifi a Duwatsun Bakin Teku na Ostareliya

A gaɓar tekun Jihar New South Wales ta ƙasar Ostareliya akwai wani baƙin kifi mai suna dirama, wanda ake kamawa da fatsa don nishaɗi. Mazauninsa shi ne gindin duwatsu, cikin kumfar da igiyar ruwa ke tayarwa. Saboda haka tilas mai fatsa ya tsaya dab da ruwa, bisa dutse mai santsi. Igiyar ruwa kuwa ba ta yin sallama. Ta sha share mutane, su nutse.

Wannan ya sa a 2016 gwamnatin jihar ta kafa dokar da ta wajabta wa masu fatsa sanya rigar hana nutsewa a wuraren da aka ayyana, aka fara da yankin Randwick na birnin Sidni.